Na Bar Alkama Da Ƙishirwa, Na Kai Magen Inna Wurin Likita

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu baki ɗaya. A shekarun alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai, ni magidanci ne mai shekara talatin da wani abu, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, cikin filayen da ruwan Tiga ya ratsa. Bokona bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai allo da na ɗan taɓa, don haka a yi mini afuwa in rubutun ya yi gargada. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu maza biyu, ni da yayana, muna noma a gandu ɗaya. Shi ne babba, shi ke da ciniki da magana da mutane, ni kuma ni ne na ruwa da laka. A lokacin ba a san ni da musu ba. In Yaya ya ce nan ne gabas, ba na ɗaga kai in duba rana. Mutane suna yabona da ladabi, amma yanzu da furfura ta cika mini kai na gane rabin abin ladabi ne, rabin kuwa tsoron kada a yi mini dariya ne kawai.

Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ɗakinta yana manne da ɗakin da muke ajiye hatsi. Idonta ya yi rauni sosai, sannan wani ciwo ya kashe mata ƙafafu daga idon sawu zuwa ƙasa. Ko ƙaya ta taka ba ta ji, sai dai wani ya ga jini ya faɗa mata. Wanda bai zauna a yankin noman rani ba ba zai gane haɗarin wannan ba. Da can ɓera yana da lokacin yunwa, rani yakan rage shi. Da ruwa ya zo, gona ta daina hutawa, a cire shinkafa a sa alkama, a cire alkama a sa masara, sai ɓera ya samu duniya. Ya hayayyafa, ya yi ƙiba, ya daina tsoron mutum. Mai lafiya in ɓera ya taɓa shi cikin barci zai shure shi. Inna ba ta ji. Akwai safiyar da maiɗakina ta shiga kai mata koko ta tarar da jini a tabarma, an gwigwiye mata dunduniya, ita kuwa tana zaune tana jan carbi ba ta san abin da ya same ta ba. Muka sa maganin ɓera kamar yadda kowa ke yi. Shi ne kuma ya ƙarar da magunan garin, domin mage in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma bin sa take yi. Sai da ta kai a unguwarmu kaf ba ka jin kukan mage.

Wata ƙanwar Inna da ke aure a wajen Madobi ce ta ji labari, ta zo dubiya da 'yar mage a cikin ƙwarya, fara mai baƙi a kunne ɗaya. Daga ranar Inna ta hana a ƙara sa guba a gidan. Ta raine ta da nono da kan busasshen kifi, har ta girma ta saba kwana a kan ƙafafunta kamar wadda aka gaya wa aikinta. Tun daga nan ba a sake ganin jini a tabarmar Inna ba. In muka shiga gaishe ta da safe takan shafa bayan magen ta ce ta haifi garada biyu, amma sai da ta tsufa Allah ya ba ta 'ya mai amfani. Mukan yi dariya mu fita.

Yaya yana da kare da ke gadin gonar tumatir. A can yake kwana, a can yake ci, ba ya shigowa gari, balle gidan da Inna take. Ran nan bayan la'asar, ban san abin da ya ja shi ba, ya biyo keken Yaya har gida. Magen tana kwance tsakar gida tana shan ranar yamma, kafin kowa ya ankara ya cafke ta ya girgiza. Maiɗakina ce ta rafka masa taɓarya a ƙugu sannan ya saki. Ya yage ta daga cinya zuwa gefen ciki, ƙafar baya ɗaya tana lilo. Inna tana daga ɗaki tana tambaya mene ne, wa aka taka. Yaya ya kori karen da dutse, ya dawo ya duba, ya ce ai da sauƙi tunda hanji bai fito ba, a yi mata abin da ake yi wa jaki.

A nan kuskurena yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. A wancan zamani in jaki ya yi gyambo a baya, ko akuya ta ji rauni, abin da muke yi shi ne mu samo baƙin mai wurin masu tarakta, mu zuba masa murfi ɗaya na maganin feshin tumatir, mu shafa a ciwon don kada ƙuda ya sauka ya saka tsutsa. Kowa haka yake yi, kuma muna ganin yana aiki. Yaya baki kawai ya sa, ni ne na ɗauko kwalbar daga bayan rumbu, ni na haɗa a gwangwani, ni na danne ta na shafa mata da tsumma har sai da farin gashinta ya koma baƙi. Na san maganin nan sarai. Ni ke goya tankin feshi, na san yadda yake juya mini kai in iska ta kaɗo shi fuskata. Amma ban tsaya na yi tunanin cewa jaki ba ya iya lasar bayansa ba, mage kuwa da harshenta take wanka. Na wanke hannu na tafi masallaci ina jin na yi abin kirki.

Da na dawo daga sallar asuba na shiga gaida Inna, na same ta zaune da magen a cinya. Yawu yana dalala daga bakinta har ya jiƙa wa Inna zane, jikinta yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, numfashinta yana kurari. Duk inda harshenta ya kai ta lashe baƙin man tas. Inna ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ɗan nan, kamar yadda ta saba, ta ce ita dai ba ta gani, amma hancinta bai mutu ba, kuma warin da take ji a jikin 'yarta warin rigata ce ta gona. Sai ta tambaye ni, wai duk likitocin da gwamnati ta zuba a ƙasar nan, babu na irin waɗannan bayin Allah? Na ce akwai malamin dabbobi a Kura, amma na shanu ne da tumaki. Ta ce to magen ma ai ƙafa huɗu gare ta.

Matsalar ita ce ranar ce ranar ruwanmu. A tsarin noman rani ba kullum ake samun ruwa ba. Ana buɗe ƙofar babbar hanyar ruwa, wadda muke kira kanal, layi-layi, in ranar layinku ta zo ka tsaya a gonarka ka ja ruwa ka shayar da ita fangali bayan fangali, wato 'yan yankunan da ake tare ruwa a ciki, in ka yi sake aka rufe sai wani zagayen. Alkamarmu kuwa ta yi ciki tana fitar da kai, sanyi ya fara ja da baya, rana ta fara zafi. Ko yaro ya san in alkama ta ji ƙishirwa a wannan gaɓa ƙwayarta ba ta cika. Yaya kuma ba zai iya tsayawa ba, don an riga an ɗebi tumatir, mota tana jiransa zuwa kasuwar bakin titin Zariya. Duk na san wannan lokacin da na ɗauko kwandon tumatir, na shimfiɗa tsohon zanen Inna a ciki, na kwantar da magen, na ɗaure kwandon a bayan keke da roba.

A zaure Yaya ya tare ni. Da ya leƙa kwandon ya fahimci inda na nufa, sai ya fara da dariya, ya tambaya ko in je ya kira mini motar asibiti mai jiniya. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya murtuke. Ya ce in ajiye shirmen nan in wuce gona, in ta mutu a jefa ta juji, shi zai samo wa Inna wata. Na tambaye shi a wane gida, tunda shi ma ya san mun kashe na garin da hannunmu. Ya ce ni fa ƙaninsa ne, kuma bai taɓa jin ɗan gidan mutunci ya goya mage a keke ya ratsa kasuwa da ita ba, so nake a riƙa nuna zuriyarmu da baki. Ya ce in na kuskura na wuce gonar nan ban tsaya ba, to magen ta ciyar da iyalina bana. Ban san daga inda maganar ta fito mini ba, na ce masa Yaya ka yi haƙuri, ruwa zai sake zagayowa, amma ita in ta tafi, daren yau ma ba mu san abin da zai kwana a kan ƙafar Inna ba. Na tura keke na fita. Tunda aka haife ni ranar ce na fara juya masa baya yana magana.

Na dai bi ta gona. Ruwa ya riga ya cika ƙaramar hanya, yana sheƙi, maƙwabta kowa ya naɗe wando. Na roƙi maƙwabcinmu na gabas, in ya gama tasa ya taimaka ya juya mana. Ya ce in Allah ya sa ya gama da wuri. Ya tambayi abin da ke cikin kwandon, na gaya masa gaskiya. Kafin in kai ƙarshen layin labarin ya riga ni, ina ji ana kiran juna daga gona zuwa gona, wani yana yi mini kukan mage, wani yana cewa in gaida likita, in tambaye shi ko yana duba ƙadangare don nasa na tari. Wallahi sau biyu ƙafata tana sassauta feda. Abin da ya hana ni juyawa shi ne ina jin kwandon yana rawa a bayana, karkarwarta tana bin ƙarfen keken har cikin hannuna.

A asibitin dabbobi na tarar da masu raguna da wani mai doki. Wani ma'aikaci ya gaya mini malamin ya fita tun da sassafe yi wa shanu allurar rigakafi a wata ruga ta wajen Bunkure, da maganin da kayan aikin duk suna cikin akwatinsa, sai dai in dawo gobe. Mai dokin ya ɗaga zanen ya duba, ya ce Malam wannan ai ba ta gobe ba ce, ka nemi wuri mai laushi ka haƙa rami. Na ce a yi mini kwatancen rugar. Ma'aikacin ya dube ni ya ga da gaske nake, sai ya fito har bakin titi ya nuna mini hanya, ya ce in bi gefen kanal kada in sake shi. Haka na koma kusan inda na fito, rana tana dukana, ina wuce gonakin mutane ruwa yana kwarara a cikinsu, ni kuwa tawa tana can a bushe.

Na isa rugar hantsi ya yi sosai. Shanu sun cika fili, matasa suna kama su ɗaya bayan ɗaya, malamin yana tsaye da allura, gumi ya jiƙa masa riga. Na jingine keke a gindin wata ɗorawa, na sauke kwando na rungume, na je na tsaya a bayan saniyar ƙarshe kamar mai bin layi. Ardon rugar, wani dattijo mai raha, ya zo ya leƙa, ya kira mutanensa su zo su ga garken Kaɗo, wato Bahaushe. Ya tambaye ni ƙwarya nawa take ba ni in an tatse ta, kuma ko ita ce sadakin da zan kai. Aka yi ta dariya har mata suka fito daga bukkoki. Na ce masa Ardo, kai saniyarka nono take ba ka, ni wannan ƙafar mahaifiyata take tsare mini. Na gaya masa labarin ɓera da dunduniya. Sai ya daina dariya, ya ce a dakata da shanu, saniya tana iya jira.

Malamin ya zo yana goge hannu, da alamar shi ma abin ya ba shi dariya. Yana sunkuyawa kan kwandon fuskarsa ta canza. Ya shinshina, ya buɗe idonta ya duba, ya tambaye ni me na shafa mata. Na so in ce yayana ne ya ce a sa, maganar ta zo har bakina, na haɗiye ta, na ce ni ne, baƙin mai da maganin feshi. Bai raga mini ba. A gaban Fulanin nan ya ce cizon karen da shi kaɗai ne da sauƙi, ni ne na kusa kashe ta, kuma mu manoman rani mun mai da kwalbar nan kamar man shanu, komai ya same mu sai mu shafa. Ya ce ya ga shanun da aka yi wa haka suka faɗi, ya ga yaron da aka shafa wa a kai don kwarkwata. Na sunkuyar da kai ina sauraro, don gaskiya ya faɗa. Ya ciro wata allura da ya ce ita suke yi wa saniya in ta sha irin wannan guba, ya auna ɗan kaɗan ya yi mata. Ya sa matan rugar suka ɗumama ruwa, ya miƙo mini sabulu ya ce tunda ni na shafa, ni zan wanke.

Wanda bai taɓa wanke mage mai ciwo ba bai san yaƙi ba. Duk da halin da take ciki ta kafa mini farce da haƙori, ta tsattsage mini hannu har gwiwa, ban sake ta ba. Ruwa yana fita baƙi, a zubar a kawo wani, har farin gashin ya dawo. Ardo da kansa ya riƙe mata kai da bargo lokacin da malamin ke ɗinke yagar, yana yi mata magana da Fulatanci kamar yadda yake lallashin maraƙi. Malamin ya tambaye ni lafiyar karen, ko yana cin abinci yana shan ruwa, ko ya canza hali. Na ce lafiyarsa ƙalau, mugunta ce kawai. Ya ce duk da haka a ɗaure shi a sa masa ido. Ya ɗaure ƙafar da tsinken kara, ya ce ba zai yi mini alkawari ba, in ta kwana ta daina dalala to ta tsira, amma ƙafar ba za ta koma daidai ba. Ya wanke mini hannuna da wani jan magani mai zafi, ya ce wannan ladan aikina ne. Kafin in tafi karkarwar ta ragu, har ta lashi ɗan nonon da wata tsohuwa ta ɗiga mata a yatsa.

Na iso gona rana ta karkata. An rufe ruwa. Maƙwabcin bai gama da wuri ba, ko kuma ya gama bai ga dama ba, Allah ya sani, ban taɓa tambayarsa ba. Na tsaya na dubi alkamar, ganyenta ya fara naɗewa, ƙasa ta tsage. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ciwo ba, guminmu ne na wata da watanni. Na wuce gida na sa wa Inna kwandon a gabanta. Ta lalubo magen, ta shinshina ta, ta ce yanzu kam warin sabulu take. Yaya ya dawo daga kasuwa ya bi ta gona kafin ya shigo. A ranar ya aiko matarsa ta kwashe kwanonsa daga inda muke cin tuwo tare.

Magen ta kwana, ta tashi. Amma ta daɗe a kwando ba ta iya ko tsayuwa, balle farauta, kuma ɓera ya san ba ta nan. Dole na mayar da shimfiɗata bakin ƙofar Inna, kullum da safe kuma in ɗauko ruwan ɗumi in duba ƙafafunta yatsa bayan yatsa, in wanke, in shafa man kaɗanya. Ranar farko da na ɗora ƙafarta a cinyata na ga tabon tsohon cizon nan, na ga yadda dunduniyar ta ramu, sai na tuna ban taɓa riƙe ƙafar nan da hannuna ba tunda ciwon ya kashe ta. Kullum sai dai in tsuguna daga bakin ƙofa in ce Inna ina kwana, in wuce gona. Ta ji ina jan hanci, ta ce ɗan nan kada ka ɓata mini ruwa da hawaye, ni ba ji nake ba, wanke kawai.

Da aka yi girbi alkamar ta ba da kunya. Ba ta mutu ba, amma ƙwayar ta tsamure, buhu ba nauyi, masu saye suna murzawa a tafin hannu suna taɓe baki. Yaya ya kai ƙarata wurin Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, aka kira liman, aka zauna a zaure. Baffa ya ce abu mai sauƙi ne, in ba yayana haƙuri a wuce wurin. Na ce na ba shi haƙurin alkama, kuma a cire asarar daga rabona, ban yi musu ba. Yaya ya ce shi ba wannan yake so ba. So yake in faɗa da bakina a gaban mutane cewa abin da na yi wauta ce, kuma ba zan sake ba. Na ce wautar da na yi ita ce ta gwangwani da tsumma, wannan kam ko a kasuwa zan faɗa. Amma tafiyar da na yi, in yau aka sake, keken nan zan sake hawa. Baffa ya ce kai yaro, kan mage za ka raba gidan ubanka? Na ce Baffa Allah ya ba ka haƙuri, ba ni na ce a raba ba. Liman ya yi ƙoƙari, ya ce dabba tana da hakki, ɗan'uwa ma yana da hakki, kowa ya sassauta. Yaya ya ce ba zai ƙara haɗa gona da wanda zai bar ruwa ya bi kyanwa ba. A zaman nan aka raba gandu. Shi ya ɗauki filin da ke kusa da ƙofar ruwa, ni aka ba ni na ƙarshen layi, inda ruwa ke isowa a gajiye.

Garin kuma ya ba ni suna, Angon Mage. Yara suna rera shi in na wuce, manya suna faɗa a majalisa in na ba da baya. Da farko yana yi mini zafi, daga baya na fara amsawa, in an kira in ce na'am, amarya tana gaisuwa. Abin dariya in ka karɓe shi da hannu biyu ba ya daɗewa da daɗi a bakin masu yi. Magen ta warke tana ɗingishi, ta koma wurin kwananta. Shekara ta zagayo ta haihu, sai ga waɗanda suka yi mini kukan mage a gona suna sallama a ƙofar gida, kowa yana so a sa shi a layin masu karɓar 'ya'yan. Har matar Yaya ta zo, tana sunkuyar da kai, ta ce ɓera ya hana su sakat. Na zaɓa mata mafi ƙiba, na ce ta gaya wa Yaya in ta yi rashin lafiya kada ya ji nauyi, na san hanya, kuma keke yana nan. Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Mun ci gaba da gaisawa da shi, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma ba mu sake cin tuwo a kwano ɗaya ba har Allah ya karɓi ransa. Wannan yana damuna, ina yi masa addu'a kullum. Sai dai ko a yanzu ba zan iya faɗar kalmar da ya nema ba, don ba gaskiya ba ce.

Abin da ya ba ni mamaki a rayuwa shi ne, laifin da na yi na gaske, ba wanda ya taɓa zargina da shi a garinmu, saboda kowa yana yi. Abin da na yi daidai shi aka yi mini shari'a a kai. Don haka nake kira ga 'yan'uwana manoma, har yau ina ganin kwalaben nan a bayan rumbu, ina jin ana ba da shawarar a shafa wa akuya, a shafa wa kaza, har kan yaro. Abin da aka yi don kashe tsutsar tumatir ba ya tambayar wane ne a gabansa. In dabbarka ta ji ciwo, wanke da ruwa mai tsabta, ka ɗauke ta ka nemi masu ilimin abin, komai ƙanƙantarta, kuma kada ka jira gobe. In kana da tsoho a ɗaki, kada gaisuwar bakin ƙofa ta ishe ka, shiga ka duba jikinsa da hannunka. Masu dariya kuwa ka bar su su yi, ba su za su kwana a ɗakin ba.

Inna ta ƙara shekaru masu dama bayan wannan, ta rasu da damina, cikin sauƙi. Da matan da suka yi mata wanka suka fito, babbarsu ta kira ni gefe ta ce a irin ciwon Inna ta saba ganin abin da ba ya faɗuwa, amma ita ta tafi da ƙafafunta cikakku, ba yatsan da ya ɓace. Duk wanda yake ganin na yi asara, ya kawo mini buhun alkamar da zai sayi wannan.